Kujerar da Aka Yi wa Banda

Thorkild Munkholm maƙwabcina ne, shinge ɗaya ya raba gidajenmu a gefen garin Faaborg, kuma tun da na san shi ban taɓa jin an ambaci wani abu ya ce bai sani ba. Koyar da tuƙin mota ce sana'arsa. Da ya yi ritaya sai ya rasa wanda zai riƙa yi wa gyara, ya juyo kanmu. Ya koya wa mai gidan burodi kwaɓa fulawa, ya gyara wa fasto yadda zai riƙa jan waƙa, ni kuma da na tsufa a aikin lambu ya nuna mini yadda ake riƙe almakashin aske shinge. Ba mugu ba ne. Bakinsa ne dai kullum yake gaba, hankalinsa na can baya yana haki.

A hunturun da ya wuce ya kamu da kallon wani shiri a talabijin, inda ake kawo tsofaffin kayan ɗaki masana su juya su, su faɗi darajarsu. Kafin ƙanƙara ta narke Thorkild ya zama masani shi ma. Ya sayi gilashin duba ƙananan abubuwa ya rataya a wuya, ya fara cewa shi da hanci kawai yake gane shekarun katako. In ya shiga gidanka sai ka gan shi a durƙushe yana shinshinar ƙafar tebur. Ƙanin matarsa Ebbe ne ya laƙaba masa Farfesa, shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu, bai ji zolayar da ke ciki ba.

A gidan Ebbe ɗin rigimar ta tashi, ranar da aka tara mu shan gahawa don murnar zagayowar ranar haihuwar matarsa Jytte. Ebbe ya saya mata kujera mai lilo, irin ƙirar nan ta shekarun da suka biyo bayan yaƙin duniya, siririya, hannuwanta a lanƙwashe, mazauninta saƙar igiya. Sabuwa ce fil daga kanti, kwaikwayon aikin marigayi Eigil Vindum, kafintan da ake rububin kujerunsa a gidajen gwanjo. Gunvor, matar Thorkild, ta daɗe tana fama da ciwon baya tun zamanin da take aikin jinya. Ta zauna a kujerar ta lumshe ido, ta ce har ta manta rabon da ta ji bayanta ya saki haka. Nan take ta roƙi mijinta su sayi irinta.

Thorkild ya zagaya kujerar, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa, ya yatsine fuska.

"Matata ba za ta zauna a kan jabu ba," in ji shi. "Wannan inji ne ya tofo ta. Ba ta da rai."

"Yayata ba rai take nema ba, Farfesa," in ji Ebbe. "Wurin jingina baya take nema."

Aka yi dariya, dariyar kuma ita ta tunzura shi. Ya ajiye kek ɗinsa ya yi alkawari a gaban kowa cewa zai kawo ta asali, wadda hannun Vindum da kansa ya sassaƙa, kuma a kuɗin da bai kai na jabun Ebbe ba, don ya san inda jahilai suke zaune a kan dukiya ba su sani ba. Gunvor ta ce ita jabun ma ta ishe ta. Ko waiwayarta bai yi ba.

Ni ke da amalanken da ake jonawa a bayan mota, don haka duk inda Thorkild ya ji ƙishin-ƙishin tsofaffin kaya ni ake bugawa ƙofa. Mun shiga rumbunan manoma, mun shiga kasuwannin ƙarshen mako, mun shaƙi ƙura har na fara tari. A wani gida ya yi wa wata tsohuwa dogon bayani a kan wani benci, daga baya ta ce jikanta ne ya haɗa shi a makaranta. A hanyar dawowa ya ce mini jikan yana da hannu, shi ma abin da ya lura da shi ke nan tun farko.

Daga ƙarshe muka ji labarin wani mutum a tsibirin Ærø, mai suna Vagn, yana kwashe kayan gwaggonsa da ta rasu. Muka hau jirgin fito muka tafi. Vagn mutum ne gajiyayye, burinsa kawai ya ga gidan ya zama wayam ya mayar wa mai shi makulli. Ya kai mu ɗakin baƙi, ya yaye wani farin zanen gado, sai ga kujerar. Ni ban san katako ba, amma na san abu mai kyau. Launinta kamar zuma, ko ƙwarzane babu, igiyar mazaunin fara tas. Vagn ya ce bai san inda gwaggon ta samo ta ba, shi dai tun yana yaro a lulluɓe yake ganinta. Ya faɗi kuɗin da bai wuce na abincin rana na mutum biyu ba, ya ce in mun ɗauki fitilar da ke gefe ma mun taimake shi.

Na mintsini Thorkild a baya, na raɗa masa ya biya mu tafi. Ya ciro walat ɗinsa, har ya buɗe. Amma ya bar gidan nan Vagn bai san wane ne ya zo masa ba, wannan ya fi ƙarfinsa. Ya mayar da walat, ya ɗaga gilashinsa, ya tambayi Vagn ko ya san abin da yake sayarwa. Sannan ya buɗe baki. Ya yi bayanin Vindum, ya yi bayanin katakon tik mai tsada da aka yi ta da shi, ya faɗi yadda attajiran Japan ke kokawa a kan irin wannan kujera, har ya ambaci abin da aka sayar da wata a gwanjo. Ina ta taka masa ƙafa yana ce mini in daina tsayawa a kan takalminsa.

Vagn ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce mu ba shi minti kaɗan, ya fita waje da wayarsa. Da ya dawo gajiyar ta bar fuskarsa, kuɗin kuma ya yi fiffike. Thorkild ya fara kame-kame, ya ce ai da ya sake dubawa akwai 'yan matsaloli a ƙafar hagu.

"Yanzun nan ka ce ba ka taɓa ganin mai lafiyarta ba," in ji Vagn. "Ni ban san komai ba, maganarka na bi. In ba ka so, zan kira mutanen Japan ɗin."

Kuɗin da Thorkild da Gunvor suka ware don sauya rufin gidansu kafin ruwan kaka, shi ya tura wa Vagn ta waya. Fitilar ma aka ce yanzu ba ta cikin ciniki. Da muka fito ya dafa kafaɗata ya ce in koyi yadda ake murɗe mai kaya.

A jirgin dawowa ya ƙi yarda a bar kujerar a amalanke, wai iskar gishiri za ta taɓa ta. Ya rungume ta ya hau da ita bene har ɗakin fasinjoji, ya buge wani yaro da ƙafarta, ya ba kujerar haƙuri. Da ya tafi bayan gida ya bar ni gadi, ni kuma na juya sayen gahawa. Kafin mu dawo wani ƙaton direban babbar mota ya baje a kai, yana lilo yana cin burodi da tsiran nama, miya na ɗiga a yatsunsa. Thorkild ya kusa shiɗewa. Direban ya tashi ba gardama, ya lashe yatsa, ya ce kujera ce mai daɗi, ƙanwarsa ma ta sayi irinta sak a watan jiya, har da ragi aka yi mata. Thorkild ya ce masa wannan ta girmi uwarsa. Direban ya dubi kujerar, ya dubi Thorkild, ya ce to lallai ta fi uwarsa riƙe jiki.

Ran Lahadi aka gayyaci unguwa buɗe kujera. An ajiye ta a tsakiyar falo, an kewaye ta da jar igiya kamar a gidan tarihi. Gunvor ta nemi zama ya ce tukuna, sai katakon ya saba da iskar gidan. A kan kujerar kicin ta zauna ta saka matashi a baya, tana zuba wa mutane gahawa ba ta kallon kowa. A lokacin ta riga ta ji labarin rufin.

Ebbe ya zo a makare, ɗauke da kujerar matarsa a ka. Ya ce ya kawo jabu ne ta gaishe da yayarta. Ya dire ta a gefen ta Thorkild, kowa ya zuba ido, don in ba an gaya maka ba ba za ka raba su ba. Abin da ya fi muni, ta Ebbe karensu ya ɗan gwaguyi ƙafarta, jikoki sun zubar da madara a kai. Matar fasto da ta shigo daga baya ta wuce kai tsaye wurin ta Ebbe, ta dafe ƙirji, ta ce lallai tsohon abu daban yake, kana gani ka ga tarihi.

"Waccan ce, uwargida," in ji Thorkild.

"Wannan sabuwar?"

Ebbe ya tsallake igiya ya kifa kujerar Thorkild, ya nuna wani tambari da aka ƙona a ƙarƙashin katakon, sunan Vindum ne raɗau. Ya ce shi jahili ne, amma yana mamakin tambarin da ya shekara sittin da wani abu kuma ya fito kamar jiya aka buga. Ya ce ya ji masu jabu sun fi kowa son tambari. Sannan ya sanar da mu cewa wani gidan gwanjo zai turo mai kimanta kaya ɗakin taron gari a ƙarshen wata, kowa ya kai abinsa a duba a gaban jama'a, kuma saboda ƙaunar da yake yi wa surukinsa har ya sa sunansa.

Thorkild ya ce ya gode, dama abin da yake nema ke nan. Amma kek ɗin da ke hannunsa bai ƙarasa shi ba.

Washegari ina aske shinge sai ga kansa ya leƙo. Ya yi ta zagaye-zagaye a kan yanayi da farashin taki, sannan ya tambaye ni ko ban ga idon Vagn ɗin nan kamar na macuci ba. Na ce ni mutum na gani mai son ya koma gida. Ya ce zanen gadon nan fa tsohuwar dabara ce, duk ɗan damfara ya san ta. Na ce to ya bari mai kimantawa ta faɗa, in jabu ce ya koma wa Vagn. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce kujerar asali ce, wannan ba ya shakka, matsalar ita ce mutanen garin nan ba su da ido, sai an taimaka musu. Shekarunta na nan a cikinta, fito da su kawai zai yi.

Da gahawa ya fara. Ya dafa mai kauri ya shafe ta da ita, igiyar mazaunin ta koma kalar ruwan kwata. Da bai gamsu ba ya ƙara da man takalmi. Kwana biyu bayan haka muka ji wani irin duka na tashi daga rumfar bayan gidansa, ana yi ana nishi. Jytte da ke wucewa da kare ta ɗauka Gunvor ake kashewa, ta faɗa gidan a guje, ta tarar da Gunvor a kicin tana feraye dankali, Thorkild kuma a rumfa yana zabga wa kujera sarƙar keke. Ya ce mata ƙura yake kakkaɓewa. Kafin la'asar babu gidan da labarin bai shiga ba.

Tambarin nan da ya tsaya masa a rai ya sa masa sanfefa, wai zai ɗan dusashe shi. Ya goga ya duba, ya goga ya duba, sunan Vindum ya koma rabi. Ya ga rabi ya fi zama abin zargi, ya goge sauran. Sannan ya aiko in ba shi aron injin huda katako da mafi sirantar baki. Na tambayi abin da zai yi, ya ce duk tsohon katako na gaskiya tsutsa ta taɓa shi. Na hana. Ya je ya sayi nasa. Ta shinge nake hango shi, harshe a waje, yana huda ƙafafun lilon, yana ja da baya yana kallo kamar mai zane. Tsutsotsin Thorkild masu tarbiyya ne, a layi suke cin abinci, kuma sun fi son wurin da ƙafa ta haɗu da katakon lilo.

Gunvor ta yi magana sau ɗaya. Ta tsaya a ƙofar rumfa hannunta a ƙugu saboda baya, ta ce tunda dai ana dukanta da sarƙa, ko ita ma za a bari ta zauna. Ya ce zaman mutum yana lalata saƙa.

Saura wari. Thorkild ya ce sabon mai yake ji a jikinta, alhali tsohuwar kujera warin shekaru take yi, hayaƙin murhu da na taba. Ƙungiyarmu ta masu kamun kifi tana da ɗan ɗakin banda a bakin tashar jiragen ruwa, kowane ɗan ƙungiya da makullinsa. Ran Asabar da rana, lokacin da kowa ya tafi kallon wasan ƙwallon hannu, ya tura kujerar a baro ya kai ta can. Ya tarar an jera kifi ana bandarsu don bikin ƙungiya, ya matsar da su gefe ya cusa kujerar a tsakiya, ya ƙara garin katako a wuta, ya rufe. Man kifin ya yi ta ɗiga a kanta, ita kuma man takalminta ya yi ta shiga kifin.

Shugaban ƙungiya ne ya buɗe ƙofa da yamma ya ga kujera a cikin hayaƙi tana lilo ita kaɗai. An ce sai da ya zauna a ƙasa. Kifin bikin duka aka zubar, aka karɓe makullin Thorkild, aka ce kar a sake ganinsa ko kusa da tashar. Shi kuwa ya turo abarsa gida, tsuntsayen teku na shawagi a kansa, kyanwoyin unguwa na biye da baro kamar masu rakiyar gawa. Gunvor ta tare ƙofa ta ce ko ita ko kujerar. A rumfa kujerar ta kwana, kyanwoyi suka yi zaman dirshan a kan rufin har ranar taro.

Ranar kuwa ɗakin taro ya cika maƙil. Mutanen da ba su da ko tsohon cokali sun zo, 'yan ƙungiyar kifi suka kame layin gaba suka harɗe hannuwa. Mai kimantawar mace ce matashiya, Solvej Brandstrup, da tocila da farin safar hannu, an maƙala mata makirufo a wuyan riga. Ta duba agogo, ta duba faranti, ta duba wani zanen jirgin ruwa. Da aka kira Thorkild, warin ne ya riga shi isa. Solvej ta waiwaya ta tambaya ko an fara raba abinci.

Ya dire kujerar a kan dandamali, ya ɗauki wani makirufo da ke kan tebur ba a ba shi ba, ya ce wannan aikin Eigil Vindum ne, ya ceto ta daga hannun wanda bai san darajarta ba, kuma duk tabon da ake gani a jikinta shekaru ne suka rubuta shi. Solvej ta zagaya ta, ta haska ramukan, ta ciro tsinke ta zura a ɗaya, ya shige sambal.

"Baba, tsutsa ba ta tafiya a miƙe," in ji ta. "Kuma wannan katakon ba ta cin sa."

"Ta Ærø tana ci."

"Da injin lantarki?"

Ɗakin ya ɗauka da dariya. Solvej ta jira aka lafa, ta ce wa jama'a su matso su gani, don ba kullum ake samun duk dabarun masu jabu a jikin abu ɗaya ba. Ga gahawa, ga man takalmi, ga sawun sarƙa. Kifin ne kawai ta ce sabo ne a wurinta. Ta ce duk wanda ya sayar wa Baba wannan ya cuce shi, ya kamata a kai ƙararsa.

Thorkild ya ga ƙofa ta buɗe masa, ya yi wuf ya faɗa. Ya ce shi ma tun farko bai yarda da idon mutumin ba, haka ya same ta.

"Sarƙar dai a rumfarka na gan ta," in ji Jytte daga tsakiyar ɗaki.

"Kifin kuma namu ne," in ji shugaban ƙungiya.

Mai kantin kayan aiki ya ɗaga hannu ya ce injin hudar a wurinsa aka saya, in ana son sanin lambar bakin yana iya faɗa. Ebbe ya kwanta a kafaɗar matarsa yana share hawayen dariya.

Ana wannan hayaniya Solvej ta kifa kujerar don ta nuna wani abu, sai ta tsaya. Ta cire safar hannu. Ta shafa inda hannun kujerar ya shiga baya, ta haska ƙarƙashin mazauni inda aka ɗaure igiya, ta daɗe a durƙushe. Da ta miƙe fara'ar ta bar fuskarta. Ta ce ta janye maganarta. Ta ce irin wannan haɗin katako da hannu ake yin sa, masu kwaikwayo ba sa ɓata lokaci a kai, kuma wannan ɗaurin igiyar a shagon Vindum kaɗai ake yin sa, a shekarunsa na farko. Ta ce nan wurin da aka kankare, nan tambarinsa yake zama.

"Ta asali ce," in ji ta. "Kuma igiyarta ta farko ce, da alama ba a taɓa zama a..."

Bai bari ta ƙarasa ba. Thorkild ya daka tsalle, ya juya kujerar ya tsayar da ita, ya fuskanci jama'a ya baza hannuwa. A karo na farko tun da ya saye ta, ya zauna a kai, ya jingina da ƙarfinsa duka ya yi lilo baya. Layin tsutsotsin nan ya amsa gaba ɗaya. Ƙafafun baya suka ɓalle, mazauni ya zurma, Thorkild ya nutse a cikin katakon ya naɗe biyu, gwiwoyinsa a kunne, takalmansa na kallon rufi.

Babu wanda ya yi dariya nan take. Gunvor ce ta taso daga inda take zaune, a hankali, tana dafa kujerun mutane har ta iso dandamali. Ba ta dubi mijinta ba. Ta tambayi Solvej, da a ce an kawo kujerar yadda aka same ta, me za ta yi. Solvej ta rufe makirufo da hannu, amma ya riga ya ɗauka, kowa ya ji: za ta yi rufin gida, ta sayi sabuwar mota, a sami canji. Gunvor ta tambaya yanzu fa. Solvej ta ɗauki guntun ƙafa ɗaya ta juya shi, ta ce katakon zai yi wuta mai kyau, in mutum ba ya ƙin warin kifi.

Daga cikin tarkacen muryar Thorkild ta fito.

"Ebbe, ka ji da kunnenka. Asali."

"Na ji, Farfesa. Ni jabuna ko faɗuwa ba ta iya ba."

Ya nemi Solvej ta sake faɗa a makirufo don na baya su ji. Gunvor ta sunkuya duk da ciwon, ta zura hannu a aljihun rigarsa ta zare makullin mota, ta fita. Mu huɗu muka taru a kansa muna ja, bai fito ba sai da mai kantin kayan aiki ya kawo zarto. Yana yanka Thorkild na gaya masa ba haka ake riƙe zarto ba.

Motar ba ta sake komawa hannunsa ba. Gunvor ta sayar da ita, masu rufi suka zo suka yi aikinsu, mutumin da ya koya wa rabin garin nan tuƙi ya koma kan keke. Jaridar yankinmu ta buga hotonsa a naɗe cikin katako, da kanun labari layi biyu. Na sama ya ce wani mazaunin Faaborg ya gano kujerar Vindum ta asali. Na ƙasa ya ce sannan ya yi mata banda. Thorkild ya sa almakashi ya yanke layin sama, ya sa shi a gilashi ya rataya a falo, duk baƙon da ya shigo sai ya ja shi wurin ya karanta masa da ƙarfi.

Na tambayi Gunvor ta kan shinge me ya sa ta bar shi ya rataya. Tana shanya kaya, ba ta ko juyo ba.

"Bar shi, Aksel," in ji ta. "Ɗaya rabin yana aljihuna. In ya gama karanta nasa, ni nake kawo gahawa, da nawa rabin a kan tire."